Darasi: Kallon Tsuntsaye Masu Ƙaura a Lokacin Bazara a Birnin Kudu da Gwaram

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambance tsuntsu mazauni da tsuntsu mai ƙaura;
2. bayyana abin da ke sa wasu tsuntsaye tashi arewa a bazara, wasu kuma su iso daga kudu;
3. gane tsuntsu ta girmansa da launinsa da bakinsa da ɗabi'arsa da kukansa;
4. ƙirga tsuntsaye, ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata;
5. faɗin itatuwan da waɗannan baƙi suka dogara da su.

1. Masu zuwa da masu tafiya

Manomin Gwaram ko na Birnin Kudu ba ya bukatar a gaya masa shamuwa ta sauka. Zafi ya kai maƙura, rijiyoyi sun ja baya, iska ta fara juyowa daga kudu, sai a wayi gari a gan ta tsaye bisa tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, baƙa wuluk a sama, fara fat a ƙasa. Daga ranar hira take canzawa a majalisa. A fara duba irin da aka ajiye, a kai fartanya da garma maƙera, mai taki ya ƙarasa kai takinsa gona.

Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, a makonnin da shamuwa ke isowa akwai wasu baƙin da ke haɗa kayansu. Ƙananan tsuntsaye ne da suka yi ɗari da rani a gonaki da fadamun wannan yanki, tun daga watan Satumba ko Oktoba. Tsakanin Maris da Mayu suke tashi, su fuskanci arewa, su tsallake hamadar Sahara da Bahar Rum, su sauka Turai da yammacin Asiya, inda sanyi ya fara sakin ƙasa. Can suke yin sheƙa su ƙyanƙyashe.

Ke nan a bazara hanyoyi biyu ke haɗuwa a kan kudancin Jigawa: ayari ɗaya na fita, ɗaya na shigowa. Babu lokacin da ya fi wannan daɗin kallon tsuntsaye a shekara.

> Akwatin kalmomi na 1
> Ƙaura: tafiyar da tsuntsu ke yi kowace shekara tsakanin inda yake haihuwa da inda yake jiran lokaci ya juyo, sannan ya koma.
> Mazauni: tsuntsun da ke nan rani da damina, kamar kurciya da hankaka da hasbiya da kazar dutse.
> Baƙon arewa: wanda ke haihuwa a Turai ko Asiya, ya zo nan ya yi rani.
> Baƙon damina: wanda ƙaurarsa ba ta fita Afirka, yana bin ruwan sama, kamar shamuwa.

2. Abinci ne ke tada su

Bahaushe ya san cin rani. Idan an gama girbi, aiki ya ƙare a ƙauye, samari kan nufi Kano ko Legas ko Fatakwal neman abin sawa a baka, da hadari ya fara haɗuwa kuma su dawo gona. Ƙaurar tsuntsaye haka take. Sanyin Turai kan kashe ƙwari, ƙanƙara ta rufe ƙasa, tsuntsun da abincinsa ƙwaro ne kuwa ba shi da zama. Sai ya zo inda zai samu. Idan ɗumi ya koma can, ƙwari suka fito da yawa, yini ya yi tsawo, sai ya koma, domin can ne zai fi samun abin ciyar da 'ya'yansa.

Baƙin damina ma cikinsu suke bi. Ruwan farko ne ke fito da shinge da tsutsa da fara, su kuwa suna biye da ruwan daga kudu zuwa arewa. Shirwa da cilakowa suna irin wannan zirga-zirga a cikin Afirka ta Yamma: su gangara kudu da rani, su hauro idan damina ta kama.

3. Shamuwa

Shamuwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce baƙuwar da kowa ya sani kuma mafi sauƙin koyo da ita.

Tsayinta ya ɗan haura santimita 70, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai, ita ce ƙarama a danginta. Wanda ya matsa kusa da bishiyar da take zai ga abin da ba a gani daga nesa. Baƙin bayanta yana da sheƙi, idan rana ta haska shi sai ya ba da kore-kore da shunayya. A lokacin haihuwa fatar fuskarta shuɗiya ce, da ɗan ja a gaban ido. Ƙafafunta ruwan toka ne, amma gwiwa da yatsu jajaye, kamar an sa mata lalle. Tana tara ƙirare ta gina faffadar sheƙa, sau da yawa sheƙa da dama a bishiya ɗaya, ta yi ƙwai biyu ko uku. Masana suna kiranta Ciconia abdimii, sunan da aka ba ta a 1823 don tunawa da wani gwamnan Turkawa a ƙasar Sudan.

Ina take tafiya idan damina ta wuce? Wajen Oktoba takan taru garke-garke, ta yi gabas, ta gangara ta tsallake tsakiyar duniya zuwa ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe. Lokacin da ake hunturu a Jigawa, can damina ake yi, fara da tsutsa sun yawaita. Da ruwan can ya ɗauke sai ta juyo. Shamuwa dai damina biyu take ci a shekara, ba ta san rani ba.

Iyaye da kakanni sun hana yara jifar shamuwa ko taɓa ƙwanta, kuma sun yi daidai. Tsuntsuwar da ke yini a gona tana tsintar fara da tsutsa ma'aikaciya ce da ba a biya. Wannan hani na gargajiya ya kare ta fiye da yadda wata doka za ta iya, shi ya sa har yau take yin sheƙa a tsakar gari ba ta tsoron mutane.

*Misali na 1.* A ɗauka akwai tsamiya a ƙofar gidan wani mai unguwa a Gwaram, an ƙirga sheƙar shamuwa 6 a kanta. Kowace sheƙa ta mace da namiji ce, don haka manyan tsuntsaye 6 × 2 = 12. Idan kowace sheƙa tana da ƙwai 2 zuwa 3, ƙwan da ke bishiyar yana tsakanin 12 da 18. Idan baɗi aka sake ƙirgawa aka sami sheƙa 4, an san an rasa 2, sai a tambaya: an sassare rassan ne, ko an dame su?

4. Guzurin tsallaka hamada

Baƙin arewa ba su da girman shamuwa, shi ya sa ake wuce su ba a kula ba. Ga uku da za a iya nema.

Na farko ɗan siririn tsuntsu ne mai rawayan ciki da doguwar wutsiya da yake kaɗawa sama da ƙasa ba hutawa. Yana bin shanu da tumaki a fadama, yana gudu tsakanin ƙafafunsu yana cafke ƙwarin da suka tayar. Duk makiyayi ya san shi da ido. A watan Maris, gab da tafiya, namijin kan sake gashi, cikinsa ya yi rawaya shar kamar ƙwaiduwa. Masana na ce masa Motacilla flava.

Na biyu ɗan tsuntsun ƙaya ne mai farin maƙogwaro da jaja-jajan fiffike, yana kutsawa cikin sarƙaƙiya da shingen gona.

Na uku tsattsewar Turai ce, mai jan maƙogwaro da baƙar ɗamara a ƙirji da wutsiya mai dogayen reshe biyu. A nan sai an yi hattara, domin sunan tsattsewa ya haɗa tsuntsaye da dama. Wadda ke liƙa sheƙa a ƙarƙashin gada, mai farin tabo a gindin wutsiya, 'yar gida ce, ba ta zuwa ko'ina. Akwai kuma wata baƙa mai fiffike kamar lauje da ke ratsowa a bazara. A 2016 masana na Jami'ar Lund a ƙasar Suwidin sun nuna cewa irin wannan tana iya yin wata 10 a sama ba ta sauka ba, a can take ci, a can take sha.

Nauyin tsattsewar Turai kimanin gram 20 ne, wato nauyin dunƙulen Maggi ƙanana guda biyar. Wannan ɗan abu ne zai fuskanci Sahara, wadda faɗinta daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, ba ruwa ba abinci sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wani bincike na 2009 ya ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2.1 ne ke shigowa Afirka daga Turai kowace shekara.

Da me suke tafiya? Da kitse. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Makonni kaɗan kafin tashi, tsuntsun kan duƙufa ci, ƙwari da 'ya'yan itace, daga safe har yamma, kitse ya taru a ƙirjinsa da cikinsa. Wasu ƙanana har kusan ninka nauyinsu suke yi. A 1967 wasu masana sun zauna a Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi, suna kama tsuntsaye da raga suna aunawa suna saki, suka ga yadda nauyinsu ke hauhawa a bazara kafin su ɓace. Kitsen nan shi ne man tafiya. Yawancin ƙananan da dare suke tashi, da rana su laɓe a inuwar dutse ko ɗan tsiro a cikin hamada, idan rana ta faɗi su ci gaba.

*Misali na 2.* A ɗauka tsuntsu yana tafiyar kilomita 40 a awa, hamadar da ke gabansa kuma kilomita 2,000 ce. Awannin tashi: 2,000 ÷ 40 = 50. Idan awa 10 yake tashi kowane dare, zai yi dare 5 kafin ya ga wancan gefe. A ɗauka kuma nauyinsa gram 14 ne a watan Fabrairu, ya kai gram 22 ranar tashi. Guzurinsa 22 − 14 = gram 8, nauyin dunƙule biyu kacal. Da wannan zai yi kwana biyar.

Idan guzurin bai samu ba, tsuntsun ba zai kai ba, kuma an taɓa ganin haka ƙarara. A 1968 damina ta gaza a yankin Sahel, farkon dogon farin da dattawa ke tunawa da shi har yau. Da bazarar 1969 ta zo, masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka tarar mai farin maƙogwaron nan ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Sun ɗauki lokaci suna neman dalili a ƙasarsu, ashe dalilin yana nan ƙasashenmu. Farin da ya kashe shanu ya bushe gero, shi ne ya hana tsuntsun guzuri.

> Akwatin kalmomi na 2
> Guzurin kitse: kitsen da tsuntsu ke tarawa kafin doguwar tafiya.
> Zango: wurin da tsuntsu ke sauka ya huta ya ci abinci a kan hanya.
> Sahel: yankin da ke gefen kudu na Sahara, daga Sanagal zuwa Sudan, mai gajeriyar damina.

5. Yadda aka gano hanyarsu

Mutanen Turai sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke shiga da sanyi ba. Har akwai masu cewa tsattsewa cikin laka take nutsewa ta yi barci. A 1822, kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa ta Turai da mashi soke a wuyanta, tsawonsa kusan santimita 80, kuma irin na tsakiyar Afirka ne. Wani maharbi ya jefe ta a Afirka, ta tashi da mashin har can. Gani ya kori ji. Tana nan ajiye a Jami'ar Rostock.

A 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben alminiyam mai lamba a ƙafa. Wannan dabara ta bazu duniya, ana kuma amfani da ita har gobe, ga shi yanzu an ƙara da 'yan na'urori marasa nauyi da ke nuna duk inda tsuntsu ya bi.

Mai yiwuwa ne wata rana masunci a Kogin Bunga, ko yaro a gona, ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa. Zoben ba laya ba ne, ba alamar leƙen asiri ba ce, ba kuma kuɗi a cikinsa. Abin yi shi ne a kwafe lambar da rubutun da ke jiki daidai, a rubuta rana da wuri, a ɗauki hoto da waya in da hali. Idan tsuntsun na da rai a sake shi da zobensa. Sai a kai bayanin ga malaman ilimin halittu na jami'a mafi kusa, kamar Jami'ar Tarayya ta Dutse.

6. Ina za a duba?

A manyan biranen duniya lambun shaƙatawa ake zuwa. A watan Mayu mutane kan cika Central Park na birnin New York tun da asuba, kowa da madubin hangen nesa, domin tsuntsun da ya kwana yana tafiya, idan gari ya waye ya ga gine-gine ko'ina, duk inda ya hango kore nan zai faɗa. Wannan ɗabi'a ɗaya ce a ko'ina. A Birnin Kudu da Gwaram, koren da tsuntsu ke hangowa shi ne harabar makaranta da ta asibiti, da itatuwan maƙabarta, da lambunan mangwaro da gwaiba, da kududdufin bayan gari, da gonakin da ke manne da gidaje.

Sai kuma wurare biyu da yankin ya yi sa'a da su. Akwai duwatsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, waɗanda aka sani da tsofaffin zanen shanu a jikinsu. Nan ake samun hasbiya da kazar dutse, mazauna ne, sun dace da mai fara koyo. Akwai kuma ruwa: Kogin Bunga da ya ratsa ƙasar Gwaram, da Kogin Iggi a ɓangaren Birnin Kudu. Da bazara ruwan kan janye ya bar 'yan tafkuna da damshi, a nan ake samun zalɓe da balbela da ƙananan masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka. Kogin Bunga shi ne ake kira Kogin Jama'are a gaba, ruwansa kuma yana shiga dausayin Haɗeja da Nguru, inda aka rubuta tsuntsaye fiye da iri 370, inda kuma agwagin ruwa na Turai ke yin rani dubbai. A 2008 aka sa dausayin Baturiya na Jigawa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Ruwan da ya wuce Gwaram yana cikin abin da ke raya dausayin Haɗeja da Nguru.

Amma ba kowace bishiya ke tara baƙi ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi kamata ɗalibi ya riƙe. Wasu masana daga Holan, ƙarƙashin jagorancin Leo Zwarts, sun yi shekaru suna bin yankin Sahel suna ƙirga tsuntsaye bishiya bayan bishiya, itatuwa dubban ɗaruruwa. Sakamakon da suka fitar a 2015 ya nuna cewa baƙin arewa sun fi taruwa a itatuwa masu ƙaya na ƙasar nan, kamar gawo da aduwa da dangin bagaruwa da farar ƙaya. Darbejiya da bishiyar turare kuwa kaɗan ne ke sauka a kansu, saboda ganyensu ba ya tara ƙwari.

Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, ta yi wa garuruwanmu rana. Ta ba da inuwa a kasuwa da bakin titi, balbela ma kan kwana a kanta. Sai dai inuwa daban, abinci daban. Gawo kuwa bishiya ce mai abin mamaki: da damina take zubar da ganye, ta bar gero ya sha rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ta yi kore shar lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Wanda ya tsaya ƙarƙashin babban gawo da hantsi a watan Maris, ya ɗaga kai ya yi shiru minti biyar, zai ga ganye na motsi nan da can, 'yan tsuntsaye masu launin ƙasa na bin reshe suna tsintar tsutsa. Guzurin Sahara suke haɗawa. Manomin da ya bar gawo a gonarsa, ya kuma hana a yi masa sara har ƙwarya, ya ci riba uku: taki, abincin dabbobi, da masu cinye masa ƙwari. Sare gawo don gawayi asara ce babba, ko da an dasa darbejiya goma a madadinsa.

7. Yadda ake kallo

Madubin hangen nesa yana taimakawa, amma rashinsa ba ya hana farawa. Ido da kunne da littafi da fensir sun isa. A fita bayan sallar asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar, lokacin da tsuntsaye ke kiwo. A sa rana a baya don launi ya fito. A sa tufafi marasa haske, a yi tafiya a hankali, a rage magana. Gona ko lambu ko harabar wani, sai da izinin mai shi. Danƙo da tarko a bar su gida, sheƙa kuma ba a taɓa ta.

Idan an ga tsuntsun da ba a sani ba, a yi wa kai tambaya biyar. Girmansa: ya kai kurciya, ko bai kai ba? Launinsa: ina fari, ina baƙi, ina ja? Bakinsa: siriri ne na cin ƙwari, ko gajere mai kauri na fasa tsaba? Ɗabi'arsa: a ƙasa yake tafiya, ko cikin ganye, ko a sama yake cafka? Sai kukansa, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, wanda ya saba yakan gane ragon maza ko suda tun bai gan su ba.

Tambayar baki tana da amfani ga manomi. Janbaki, wanda ke afka wa gero da shinkafa, bakinsa gajere ne mai kauri. Baƙin arewa da aka ambata bakinsu siriri ne, ba ruwansu da hatsi. Kada a haɗa su a yi musu hukunci ɗaya.

*Misali na 3.* Wata mata a garin Sara tana zaune a tsakar gida da magariba, balbela na wucewa zuwa makwanci. Ba za ta iya ƙirga su ɗaya-ɗaya ba. Sai ta ƙirga 10 na gaba, ta riƙe girman wannan gungu a idonta, ta auna sauran da shi. Ta sami gungu 7, da ragowar 4. Jimla: 7 × 10 + 4 = 74. Za ta rubuta "kimanin 74".

Rubutun kuwa gajere ne. Ga yadda shafi ɗaya zai iya kasancewa:

Rana: 12 ga Afrilu. Wuri: gonar gawo, gabas da gari. Lokaci: 6:30 zuwa 7:30 na safe. Yanayi: zafi, ba iska. Kurciya 9. Hankaka 2. Mai rawayan ciki 5, suna bin shanu. Shamuwa: babu.

Kalmar "babu" ɗin nan tana da daraja. Ita ce za ta nuna ranar da shamuwa ta iso, idan mako mai zuwa aka rubuta 3.

A aji irin wannan ba a rasa dattijon da zai ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni da hannuna bai faɗa da rubutu ba fa?" Amsar da ta dace ita ce, "Baba, ai kai ne ka fi mu sanin tsuntsayen. Ka ja layi ɗaya kan kowane tsuntsu, jikanka ya rubuta rana da suna. Sunan da kuka taso kuna kiransa da shi ma a rubuta, kada ya ɓace."

8. Amfanin rubutun

Ungulu ta isa misali. Shekarun baya babu mahautar da ba a ganinta, ba wanda ya damu ya ƙirga ta. Yau sai a yi wata ba a ga ko ɗaya ba, kuma tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Da akwai litattafan ƙirga a garuruwa, da an farga da wuri.

Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900. A Disamban 2015 aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance. Mai sa kai yakan yi aƙalla awa 2 yana duba tsuntsaye a gida ɗaya cikin kwana 5, ya tura jerin abin da ya gani ta manhajar waya mai suna BirdLasser. Yawancin masu wannan aiki ba masana ba ne, ɗalibai ne da ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma akwai rukunin matasan Arewa a cikinsu. Ana kuma bikin ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya a Asabar ta biyu ta watan Mayu da ta Oktoba. Ta Mayu takan zo daidai lokacin da shamuwa ke gini, aji zai iya fita tare a ranar.

> Akwatin kalmomi na 3
> Zobe: ɗan ƙarfe mai lamba da masana ke sa wa tsuntsu a ƙafa don sanin inda ya je.
> Dausayi: ƙasa mai riƙe ruwa ko damshi tsawon lokaci, kamar na Baturiya.
> Taswirar tsuntsaye: bayanin da ke nuna wane tsuntsu ake samu a wane wuri, a wane wata.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin mazauni da baƙon arewa da baƙon damina? Kawo misali ɗaya na kowanne.
2. Ta yaya ƙaurar tsuntsaye ta yi kama da cin rani?
3. Ina shamuwa take lokacin da ake hunturu a Jigawa, kuma me take ci a can?
4. Tsuntsu yana tafiyar kilomita 50 a awa, hamada kuma kilomita 1,500 ce. Awa nawa zai yi a sama? Idan awa 10 yake yi kowane dare, dare nawa ke nan?
5. Me ya faru a 1968 a yankin Sahel, kuma me aka gani a Ingila a 1969?
6. Me ya sa baƙin arewa suka fi son gawo da aduwa a kan darbejiya?
7. Ta yaya manomi zai bambance janbaki da tsuntsu mai cin ƙwari?
8. Faɗi abubuwa uku da za a yi idan an tsinci tsuntsu da zobe.
9. An ƙirga gungu 12 na tsuntsaye goma-goma, da ragowar 6. Nawa ne jimla?

Aikin gida: Kowane ɗalibi ya zaɓi bishiya ɗaya kusa da gidansa, gawo in akwai. Ya duba ta minti 15 kowace safiyar Juma'a daga farkon Maris zuwa ƙarshen Mayu, ya rubuta abin da ya gani. Ya tambayi dattijo ɗaya a unguwarsu sunayen tsuntsaye biyar, ya kuma zo aji da kwanan watan da ya fara ganin shamuwa a bana.